Zamanin Mufattish a Hajj Abdalla

Kashi 40 na manomi, 35 na hukuma, 25 na kamfani. Haka aka tsara rabon kuɗin auduga sa'ad da aka kafa noman Jazira, kuma duk wanda ya tashi a Hajj Abdalla ya ji wannan lissafi a bakin tsofaffi tun bai san amfaninsa ba. Hukumar Turawa ce ta gina madatsar Sinnar da manyan hanyoyin ruwa. Kamfanin Sudan Plantations Syndicate shi ke riƙe da gonar: ya ba da iri, ya ba da rance, ya gurje auduga, ya kai ta kasuwa, ya kuma baza ma'aikatansa cikin gonaki suna gaya wa manomi abin da zai yi da ranar da zai yi shi. Manomi kuwa nasa gumi. Garinmu yana cikin wuraren da aka fara gwada abin, don an kafa injin ɗebo ruwa daga Shuɗin Nil a Hajj Abdalla a 1921, bayan na Tayyiba da na Barakat, kafin a gama madatsar a 1925. Shi ya sa in na ji a rediyo ana kururuta haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa wajen koya wa manoma dabarun noma, sai ka ce jiya aka ƙirƙiro shi, murmushi kawai nake yi. Kakanninmu a cikinsa suka tsufa.

A wannan rabo na gida uku ba inda aka rubuta Bahaushe, alhali ba don hannunsa ba da auduga mai yawa ta bushe a kara. Kakana ya baro ƙasar Kano da niyyar sauke farali, a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur. Hanyar ta cika da mutane tun bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yo gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa garinsa kudu da Sinnar. Guzuri ya ƙare wa tsohon a Jazira. Ya ce bari ya yi tsintar auduga ta shekara ɗaya ya haɗa kuɗin jirgin Sawakin. Shekara ɗaya ta zama aure, aure ya kawo 'ya'ya, har ya rasu yana cewa baɗi in Allah ya yarda. Masaƙun Ingila da suka sa aka kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa, su ne dai suka tare shi a nan. An zaunar da irinsu a kambo, 'yan bukkoki a bakin tur'a, wato hanyar ruwa, can gefe da ƙauyukan masu hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi. Wasu Hausawa sun sami hawasha a shekarun 1930, lokacin da farashi ya faɗi masu ita suka watsar suka tafi, amma da maganar wane ne ɗan ƙasa ta taso a ƙarshen shekarun 1940, sai ƙofar ta ƙuntata. Sunan gidanmu bai taɓa shiga daftarin ofis ba.

Ni ban riski kamfanin ba. Wa'adinsa ya ƙare a 1950, Hukumar Jazira ta gaje shi da hedkwata a Barakat, aka ba Arthur Gaitskell shugabancinta na farko, mutumin da ya fara aikinsa yana mufattish na kamfanin, wato mai duba gonaki. Amma abin da na buɗe ido na tarar a shekarun 1970 kusan tsarin kamfanin ne cif, Turawan kawai suka tafi. Kowace nimra, wato jerin hawasha, fadan 90 ce. Magudanar da ake kira Abu Ishrin tana bin tsawonta da ruwa, ƙaramarta Abu Sitta tana rarraba shi cikin hawasha. Abu ɗaya ake shukawa a nimra guda, a mako guda, a shayar da ita bayan kwana 14. Bana auduga, baɗi alkama, sannan gyaɗa ko dawa, sannan a bar ƙasa ta huta. Gafir ke buɗe ƙofar ruwa ya rufe. Samad, wanda ake zaɓa cikin masu hawasha, shi ke kai magana ya kawo. A saman su duka akwai mufattish.

Gidansa, saraya, yana tsakiyar gonaki, kewaye da itatuwan darbejiya, nesa da kowane ƙauye. Motarsa 'yar ƙaramar Morris ce, kuma tun tana can nesa a kan gaɓar tur'a ƙurarta ke sanar da shi. Mai jaki ya kauce, mai wanka a Abu Ishrin ya fito, wanda ya saci ruwa da dare ya fara tunanin abin da zai faɗa.

Baba wakili ne ga wani mai hawasha da ke da kanti a kasuwa, wanda ba a ganinsa a gona sai ranar awo da ranar biyan kuɗi. Dawa da gyaɗa sharaka suke yi, a raba biyu. Auduga kuwa aikin lada ce. Wata safiya, auduga ba ta wuce tsawon hannu ba, motar ta tsaya daidai hawasharmu. Mufattish ya sauko, ya shiga kunya da takalmansa, ya durƙusa ya ƙirga tsiron da ke rami. Uku ake so a bari, ya tarar da biyar. Ya matsa gaba ya sake ƙirgawa. Baba yana tsaye a gabansa da fartanya a kafaɗa, amma bai ko dube shi ba. Samad ya juya wa ya ce, "Ina mai hawashar nan? A gaya masa in ba a rage ba kafin ruwa na gaba, zan sa 'yan aiki su yi, a rubuta a kansa." Samad ya waiwayo ya ce, "Ya Hajj, ka dai ji." Baba ya ce, "Na ji, Janabu," yana amsa wa mutumin da bai yi masa magana ba.

Da ƙurar motar ta lafa, ni raina a ɓace, sai Baba ya tsuguna ya fara cire tsiro. Ya ce, "Da gaskiyarsa. Biyar a rami ɗaya, kowa zai yi tsawo, ba wanda zai yi 'ya'ya. Zo ka kama wancan layin."

Na daɗe ina juya wannan safiya a raina, don duk abin da nake ƙi da duk abin da nake kewa game da wancan zamani suna cikinta. Mutumin nan ba malami ba ne, mai ba da umarni ne, kuma umarninsa yana bin sunan da ke daftari, ba hannun da ke riƙe da fartanya ba. Ilimin da aka tara a gonar bincike ta Madani tun 1918 yakan taso daga can ya sauka a Barakat, ya gangaro ofishin mufattish, ya shiga kunnen samad, ya je kanti ya sami mai hawasha, sannan ya iso gare mu da rabinsa ya zube a hanya. Duk da haka mufattish ya san ƙasarsa. Ya san nimrar da ruwa ke kwanciya a ƙarshenta, ya san wadda ciyawar si'ida ta cinye. A cikin gonar yake kwana, sauron da ke cizonmu shi ke cizonsa. In auduga ta lalace a yankinsa, sunansa ne zai zube a Barakat. Kuma da yake asusu ɗaya ne, daga dilar audugar da mai hawasha ke jiran rabonsa ita ma hukumar ke cin abincinta. Wanda ya ba ka shawara, in ta ɓaci, tare za ku yi asara.

Ba abin da ke nuna ƙarfin wannan tsari kamar watan Mayu. An gama tsinta, zafi ya kai inda ya kai, sai a ce kowa ya fito a tuge karan auduga har da saiwa, a share ganye da ɓawo, a tara a cinna wuta. Duk inda ka duba hayaƙi ne. Ba a yarda ka kai ko kara ɗaya gida ba, kuma akan shiga bincike. Inna takan yi ta mita, ga itacen girki a banza ana ƙonewa, ita kuwa tana yawon tsintar kashin shanu. Ba wanda ya taɓa zama ya gaya mata dalili. Sai da na girma na san cewa a farkon shekarun 1930 ciwon baƙin kara da ciwon naɗewar ganye sun kusa kashe noman Jazira gaba ɗaya, kuma masu bincike suka gano cewa na farko a tarkacen bara yake kwana, na biyu a kututturen da ya sake toho. Magani shi ne kada a bar wa cuta wurin fakewa tsakanin kaka da shuka. Dabarar daidai ce, ta kuma yi aiki shekaru da dama. Amma da yake da tara aka koyar da ita ba da bayani ba, ranar da tara ta kau, dabarar ta bi ta.

'Yan kasuwa sun dawo gonar ta sama, a cikin jirgi. Tun tsakiyar shekarun 1940 ake fesa wa audugar Jazira DDT, amma a shekarun 1970 aka ƙulla wata yarjejeniya da kamfanonin magani na Turai: a ba kamfani yanki, shi zai duba ƙwari, shi zai ce lokacin feshi ya yi, shi zai kawo magani da jirgi. Wato mai sayar da magani shi ne kuma likita. Mu yara murna muke yi. Jirgin yakan yi ƙasa-ƙasa har ka hangi kan matuƙin, wani yana tsaye a bakin nimra da tuta yana nuna masa layi, feshin yana sauka a kansa. Washegari kifi ya taso a tur'a ciki sama, tur'ar da muke sha muke wanka.

Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga aka nufa, an kuwa rage ta. Sai dai maganin bai san abokin gaba da masoyi ba, ya kashe har ƙwarin da ke cin 'yan'uwansu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Farin ƙuda, wanda a da ba a damu da shi sosai ba, ya sami fili. Ka taɓa ganye ya tashi fari fat. Yana tsotsar ganye yana zubar da wani ruwa mai danƙo, asala, a kan audugar da ta buɗe. Ina tuna hannun Inna a tsintar waɗannan shekaru: yatsu sun yi baƙi, auduga tana manne mata, guffa, wato kwandon tsinta, da takan cika kafin hantsi sai ta kai azahar, kuma da guffa ake biya. A can masaƙun waje asala tana liƙe injina, audugar Sudan da ake rububi ta koma ana yi mata tayin wulaƙanci. Ana ƙara feshi, ƙudan yana ƙaruwa, kuɗin kuma daga asusun kowa ake cirewa. A farkon shekarun 1980 aka soke yarjejeniyar, aka daina DDT a kan auduga. Kamfanin farko rabonsa yana cikin auduga. Waɗannan na biyu cinikinsu yana cikin ganga.

A daidai wannan lokaci aka rushe asusun haɗaka, aka koma kowa da nasa lissafi, a biya kuɗin ƙasa da na ruwa. Akwai hujja, don a da mai ƙwazo yana ɗauke da nauyin malalaci. Amma tun daga nan mufattish ya fara rikiɗa ya zama mai karɓar bashi. Motar ta tsufa, kayan gyara suka yi wuya, zuwansa gona ya ja baya.

Abin mamaki, cikin wannan lalacewa ne aka fara yi mana magana ido da ido. A 1986 shirin Sasakawa Global 2000 ya fara aiki a Sudan da Gana, da kuɗin attajirin Japan Ryoichi Sasakawa, da ilimin Norman Borlaug, da sunan Jimmy Carter. Mutanen Kano sun san shi, ya iso musu a 1992. Dabararsu ita ce a yi gonar gwaji a cikin gonar manomi, da hannunsa, ma'aikacin gwamnati yana tsaye a kai, maƙwabta su gani da idonsu. Gonar gwaji ba ta tambayar takarda, duk mai wucewa yana iya tsayawa ya ƙirga zangarniya.

Wanda ya fi zama a raina shi ne makarantun manoma na cikin gona, waɗanda suka fara a Jazira a 1993 ƙarƙashin shirin hukumar abinci ta duniya FAO da masu bincike na Madani. A gonakin shinkafa na Indunusiya aka samo dabarar. Da yake a kan kayan lambu aka fi mai da hankali, tumatir da albasa, kuma lambu a wajenmu sana'ar Bahaushe ce, ba yadda za a yi a tsallake mu. Kawuna, mai lambu a bakin kogi, ya shiga. Mako-mako suke haɗuwa a gindin bishiya. Malamin ba ya karanta musu komai, sai ya ce a shiga lambu a kamo duk abin da ke motsi. A zuba a kwalba, a zana a takarda, a yi gardama. Wata rana Kawu ya dawo da kwalba a aljihu, ya tara mu, dattijo da furfurarsa. A ciki akwai ganye cike da ɗarɓa da 'yar buzuwar nan ja mai ɗigo-ɗigo, abul id. Ya ce mu zuba ido. Muna kallo tana kama su ɗaya bayan ɗaya tana cinyewa. Ya ce da Baba, "Yaya, ka ga ma'aikaciyar da muke kashewa da kuɗinmu." Daga wannan shekara ya rage sayen magani, ya koma daka 'ya'yan darbejiya yana jiƙawa yana fesawa, ba ya ɗauko na kanti sai ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Shirin kuwa da kuɗin waje yake tafiya, da kuɗin suka ƙare sai haɗuwar gindin bishiya ta yi ta ja da baya.

Sauran labarin gajere ne, ko da yake shi ya fi ciwo. Dokar Jazira ta 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, ta miƙa ƙananan hanyoyin ruwa ga ƙungiyoyin masu shayarwa. A 2009 aka sallami ma'aikatan hukumar da dubbai. Injinan gurza suka fita daga hannunta, aka tuge layin ƙaramin jirgin ƙasan da ke kwasar auduga zuwa Maringan da Hasahisa. Saraya ta zama kango. A nimra ɗaya sai ka ga wannan ya shuka dawa, wancan albasa, na gaba kabkabe, kowa da ranar da yake son ruwa, tur'a ta cika da laka da ciyawa, na ƙarshen layi ya sayi injin ja. Kowa tasa ta fisshe shi. Mai neman shawara kan ƙwari sai ya tsinke ganye ya kai wa mai kantin magani a kasuwa, kuma ban taɓa jin wanda ya je ya dawo hannu wofi ba.

Cikin wannan gurbi kamfanonin noman kwangila suka shigo, musamman bayan an amince da audugar da aka sauya wa halitta a 2012, wadda tsutsa ba ta iya ci. Kamfani ya ba ka iri da taki da magani da kuɗin huɗa, ya turo maka murshid mai ba da shawara, a kaka ya cire nasa ya sayi saura. Ba zan ce ba su yi amfani ba. Auduga ta farfaɗo, an ga kuɗi a ƙauyuka, an ga sababbin ɗakunan bulo har a wasu kambo. Amma kwangilar da mai hawasha ake sa hannu, kamar dai daftarin da. Kuma in iri ya ƙi ko farashi ya karye, bashin yana nan daram a wuyan manomi, hukumar da ya kamata ta tsaya tsakani ta duba iri, ta duba awo, ta duba lissafi, ba ta da motar zuwa gona. Haɗin gwiwa ake cewa, amma gwiwa ɗaya ce a ƙasa.

Ɗan ƙanena ya karanta aikin gona a Jami'ar Jazira, ɗaya daga cikin kamfanonin nan ya ɗauke shi murshid. Jikan 'yan kambo ne ke yawo a babur yana duba nimra. In ya tarar da mutanenmu a hawasha, da Hausa yake musu bayani, ya durƙusa tare da su a kunya. Na taɓa tambayarsa yadda ake auna aikinsa a ofis. Ya ce, "Baffa, fadan nawa na sa aka sa hannu, da bashi nawa na karɓo. Ba wanda ya taɓa tambayata mutum nawa suka gane."

A Disamba 2023 dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga Madani, suka bazu cikin ƙauyukan Jazira, har da namu. An kwashe taraktoci da iri da taki, an fasa cibiyar bincike ta Madani da rumbun ajiyar irinta. Sojoji sun dawo da Madani hannunsu a Janairu 2025, kuma a Fabrairun 2025 aka kai wani ɓangare na irin da aka ceto rumbun Svalbard na ƙasar Norwe. Mu da muka watse, wasu Sinnar, wasu Gadarif, wasu har Bor Sudan, muna ta komowa kaɗan-kaɗan.

Kamfanin da ɗan ƙanen nawa ke yi wa aiki ya rufe ofis tun farkon yaƙi, bai sake kiransa ba. Babur ɗin ma an ƙwace. Amma mutane sun riga sun san gidansu, masu hawasha da 'yan sharaka duka, da asuba za ka same su a ƙofa da ganye a hannu. Da damina ta kusa, irin dawar da ke kasuwa ba wanda ya san asalinsa, sai ya tara su a inuwar masallaci ya sa kowa ya ƙirgo ƙwaya 100 daga buhunsa, a jera a jiƙaƙƙen tsumman buhu, a naɗe, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan 'yan kwanaki aka warware. Na wasu ya tsiro kusan duka, na wasu ko rabi bai kai ba. Masu mataccen iri suka koma wurin ɗan kasuwar da tsummansu a hannu, wasu suka yi musanya da maƙwabta. Ladansa mudun dawa ne in an yi girbi, wani ya ba da albasa. Ya kai takardunsa Barakat, ya kuma kai wa kamfanoni biyu da aka ce za su dawo noman auduga, yana jiran wanda zai fara amsawa.